Inda Shingen Hambali Ya Karkace

Jawo tabarmar nan ka zauna, ɗan'uwa, in akwai goro a aljihunka ɓantaro mini. Labarin tafiyar ƙafa zan ba ka, kuma mai tafiyar tsoho ne, ba a gaggauta shi.

In ka bar Agiye ka nufi Gazawa, kafin ka raba hanya biyu akwai wata hanyar amalanke da ta ratse kudu. Bi ta. Ba sai ka tambayi kowa ba, aguwa ce za ta gaya maka ka iso Garin Usaini. Shingenta ne hagu da dama, ya fi mutum tsayi, ya kama tun daga bakin rijiyar gari har tabkin da shanu ke sha, tafiyar da za ta cinye maka hantsi guda. Wannan shi ne burtalinmu, hanyar da dabbobin Fulani ke bi su ratsa gonaki ba su taɓa amfanin kowa ba. Mutum ɗaya ya dasa shi da hannunsa. Sunansa Hambali, mu kuwa Hambali mai aguwa muke ce masa.

Bai yi lakol ba, wato boko, allonsa ma bai yi nisa ba. Gonar da ya gada 'yar ƙarama ce, don haka tun yana saurayi ya kama dashen shinge, wanda ya kira shi ya sallame shi da damin gero. Aikin yana da ƙa'idarsa. Da bazara ake saran reshen aguwa, a jingine shi a inuwa kwana huɗu ko biyar har farin ruwan nan nata ya bushe a bakin sara, sannan a haƙa rami da dagi a dasa tun ƙasa na da zafi. Wanda ya jira ruwan sama, ruɓewa za ta yi masa. Hambali kan ce aguwa baƙon kirki ce, ba ta son a tarbe ta da hidima. Hannuwansa kullum baƙi ƙirin saboda ruwanta, har matarsa Kadi ta gaji da miƙa masa sabulu ta ƙyale shi.

A garinmu in gardamar iyaka ta tashi, ba a daɗe ana musu. Wani zai ce a je a dubi shingen Hambali, shi ke nan. Har abin ya zama magana a bakin kowa: shingen Hambali ba ya ƙarya. In an faɗe ta a gabansa sai ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsan ƙafa. Mu duk mun ɗauka kunya ce.

To, ga abin da ba mu sani ba, wanda shi da bakinsa ya ba mu daga baya.

Shekarar da ta biyo bayan babbar yunwa, rabin gari ya watse, shanu sun ƙare, burtali ya shekara biyu bai ga kofato ba, rairayi ya binne shi. Maigari na lokacin ya ce a raya shi kafin dabbobi su dawo. Dattawa uku suka zaga da Hambali rana ɗaya suna nuna masa da sanda: nan, nan, daga nan ka miƙe ka nufi kukar can. Suka bar shi da aikinsa. Shekarunsa ashirin da biyar.

Ya yi wata guda yana dashe lafiya lau, har ya kai gefen Kufan Tala, tsohon garin da kakanninmu suka tashi daga cikinsa tun zamanin yaƙe-yaƙe. Ran nan da rana tsaka ya ɗaga dagi ya soka, sai ya ji ƙwas, dagin ya zurma har rabi. Ya tona da hannu. Tukunya ce a kife, irin wadda mutanen dā ke rufe kabari da ita, ƙarƙashinta kuwa ga abin da ba sai na faɗa ba. Ya mayar da ƙasa. Ya matsa gabas taku uku ya sake sokawa, ya sake jin tukunya. Ashe tsohuwar maƙabartar kufan ce kwance ƙarƙashin burtalin, shanu sun yi zamani suna taka ta ba wanda ya sani.

Abin da ya kamata shi ne ya koma gari ya faɗa. Amma ga ƙuruciya, ga kabari biyu ya fasa, yana tsoron a ce ya jawo wa gari wata masifar bayan wadda aka fito. Ya dubi gabas. Gonar Sabo ce, Sabo kuwa ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Nijeriya tun farkon yunwa, ba labarinsa. Sai Hambali ya karkatar da burtalin gaba ɗaya, shingen hagu da na dama, taku ashirin cikin gonar Sabo. Ya yi tafiyar taku ɗari biyu a haka, sannan ya komo kan hanyar da aka nuna masa. Lanƙwasa ce mai laushi kamar bakan maharbi, sai mai neman ta zai gan ta. Dattawan nan ba wanda ya sake takawa har can, kafin shekara uku duk sun rasu. Filin da ya rage ta yamma kuwa, maƙwabci Iro ya ga ba mai shi, ya faɗaɗa gonarsa har jikin shinge. Hauyarmu sama-sama take shafar ƙasa, ba ta taɓa kaiwa ga tukwanen ba.

Bayan shekara goma sha ɗaya Sabo ya dawo, ya dubi gonarsa ya ce an ci ta da taku ashirin. Aka zauna ƙofar Maigari. Aka tambayi Hambali, ya ce, "Inda shinge yake, nan na dasa shi." Ka ji maganar? Ba ƙarya a cikinta, gaskiyar ma babu. Aka yi wa Sabo dariya, aka ce zaman Nijeriya ya buɗe masa ido har yana hango gona inda babu. Aka laƙaba masa Sabo mai taku ashirin. Da sunan ya mutu.

Bara waccan, da kaka, aka aiko daga buro, wato ofishin filaye, cewa za a kafa turakun siminti a burtalan yankin, don rigimar manoma da makiyaya ta yi yawa, a wani gari har sai da jandarma suka shiga. Inda aka kafa turke kuwa, magana ta ƙare har jikoki. Saudatu 'yar Sabo, wadda ke aure a Gazawa tana sana'ar ƙuli-ƙuli, ta hau moto, wato babur, ta zo ta tsaya ƙofar Maigari ta ce ba ta yarda ba. Maigari, ɗan wancan na dā, ya yanke hukunci. Hambali zai shiga gaba ya taka burtalin daga rijiya har tabki kowa na biye, in an kai bakin ruwa ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani cewa shingen na kan hanyar da dattawa suka nuna masa. In ya dafa, a kafa turaku, Saudatu ta koma ɗakinta.

Ka san mutanenmu da dafa Alƙur'ani. Mutum ya gwammace ya bar gona sukutum da ya dafa a kan abin da yake shakka. Hambali kuwa ba shakka yake yi ba, sani ya yi.

Da safen ranar Kadi ta dama masa fura, ya kurɓa sau biyu ya ajiye ludayi.

"Malam, ko jikin ne?"

"Lafiya lau."

"Shekara arba'in ina dama maka fura ban taɓa ganin ka bar ta a ƙwarya ba. In ƙafar ce, a aro maka jaki."

"Ba a taka iyaka a kan jaki, Kadi."

Ya ɗauki sandarsa ya fita.

A bakin rijiya aka taru. Ga Maigari, ga Liman rungume da Alƙur'ani cikin gafaka, ga Malam Garzali na buro da 'yar na'urarsa ta auna fili. Ga Arɗo Sha'ibu, shugaban Fulanin yankin, wanda aka tsayar da garkensa arewa da gari sai an gama wannan aiki. Ga Iro da 'ya'yansa maza biyu, kowanne da gora a hannu, wai ta macizai. Saudatu ita kaɗai ce mace, ta ja mayafi ta tsaya gefe. Mu 'yan kallo muna baya.

Arɗo ya dubi Hambali ya kira shi yadda Fulani ke kiran Bahaushe, ya ce, "Kaɗo, yau ka ɗaga ƙafa. Shanuna kwana uku suna kallon waken mutane suna haɗiyar yawu, ni kuwa ba ni da tabbas a kan imaninsu."

Aka yi dariya. A wata rana da Hambali ya rama, don su biyun sun shekara talatin suna yi wa juna tsiya. Ran nan sai ya yi bisimilla ya shiga burtali. Arɗo ya bi shi da kallo.

An girbe gero, sai kara tsaye da wake kwance a ƙasa bai isa roro ba. Ta saman shinge kana hango gawo da kalgo birjik cikin gonaki, waɗanda manoma suka bari suka tofo daga kututture. Lokacin da Hambali ya yi dashen nan, daga nan kana iya hango rumbunan gari, ba itace ko ɗaya tsakani. Duk taku ɗari Malam Garzali zai tsaya ya danna na'urarsa ya ce, "Nan daidai ne, Baba?" Hambali ya ce, "Daidai ne." A ci gaba. Muryarsa ba rawa, don har nan gaskiya yake faɗa.

Iro ya waiwaya ya ce, "Saudatu, kin taho da igiyar auna taku ashirin ɗin, ko mu ara miki?"

Ta ce, "Da kunnena na taho, Kawu Iro. Shi dai ba a ci mini ba tukuna."

'Ya'yan Iro suka haɗe fuska. Maigari ya ce a yi tafiya, ba hira aka zo ba.

Da rana ta ɗaga muka shiga gandun daji. Nan shinge ke yankewa, don ba gonar da za a tsare, sai sabara da geza da aduwa, hanyar shanu ta rarrabu ta sake haɗuwa. Ƙaya ta hana 'yan kallo surutu. A gindin wata tsamiya Hambali ya ce zai huta, ya zauna a kan saiwa yana haki, gumi ya jiƙa masa riga har ƙugu. Saudatu ta matso ta durƙusa ta miƙa masa gorar ruwanta. Ina kusa, na ji abin da ta ce.

"Baba, kada ka ɗauka kai na zo tozartawa. Babana har ya rasu yana cewa Hambali ba ya cin haƙƙin mutum, dattawan ne suka yi kuskuren nuni. Ni dai so nake ka tuna da kyau, ko Allah zai sa ka tuno wani abu."

Ya riƙe gorar bai sha ba. Can ya ce, "Haka Sabo ya ce?"

"Haka yake cewa kullum."

Ya mayar mata da ruwanta ya miƙe, sai da ya dafa itacen.

Muna fita daga daji shinge ya sake kamawa, Kufan Tala ya bayyana ta hannun dama. In ba ka sani ba za ka ce tudu ne kawai. Amma ga ragowar ganuwa ta kwanta kamar kunyar gona, ga kukoki manya guda biyar, ga ramukan marina da ƙasa ta kusa cikewa, tsingaro kuwa ko'ina ka taka sai ya yi ƙara. Tafiyar Hambali ta ragu. Arɗo ya matso kusa da shi ya rage murya ya ce, "Kaɗo, lafiya? In rana ce a tsaya." Hambali ya ci gaba da tafiya.

Malam Garzali ya tsaya ya danna na'ura. "Nan daidai ne, Baba?"

"Daidai ne."

Aka ƙara taku ɗari. Nan ne shingen ke fara kwantawa gabas. Tabki bai fi kiran mutum ba daga wurin, har muna jin ƙanshin laka. Liman ya gyara rungumar gafakarsa.

"Nan daidai ne, Baba?"

Hambali bai ko waiwayo ba. Malam Garzali ya ɗauka bai ji ba, ya sake tambaya da ƙarfi. Hambali na tsaye ya dogara sanda, yana kallon wata kuka can gaba ta saman shingen dama. Maigari ya ce, "Malam Hambali, ana magana."

Sai muka ga ya juya ya nufi shingen. Ya sa hannu ya karya reshen aguwa, ya karya na biyu, ya karya na uku, farin ruwa na ɗiga a rigarsa. Mutumin da ko akuya ya gani tana goga jiki da shingen nan sai ya jefe ta. Ya buɗe kafa ya ratsa, ya faɗa cikin waken Iro, ya miƙe sak ya nufi kukar.

Iro ya ce, "Kai, kai, ina za ka? Waken nawa?"

'Ya'yansa suka ratsa kafar da gudu suka sha gabansa, babban ya ɗaga gora. Arɗo, da tsufansa, ban san lokacin da ya tsallaka ba, sai ganinsa muka yi tsakaninsu da tasa sandar a kafaɗa. Ya ce, "Yaro, sauke. Sa'an ubanka ne." Maigari na kiran sunan Iro, mutane na turereniya a bakin kafa. Hambali bai dubi kowa ba. Ya kewaye su ya ƙara taku kamar goma, ya tsaya, ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu. Sannan ya yi sallama irin wadda ake yi wa mutanen kabari.

Liman ne ya fara ja da baya yana duban ƙarƙashin ƙafarsa.

Hambali ya ce, "Maigari, nan dattawa suka nuna mini. Daga inda na karya shinge a miƙe har kukar can. Ni na karkatar da shi." Ya faɗi komai, dagi da tukwane da tsoron da ya ji, da zaman da aka yi ƙofar Maigari. Bai ɗaga murya ba, sai da muka matsa muka ji. Ya ƙare da cewa, "Sabo bai yi ƙarya ba. Taku ashirin ne, ni na ƙirga su."

Iro ya yi wata dariya marar daɗi. "Tsufa ne, Maigari, rana ta taɓa shi. Shekara talatin da wani abu ina noma wurin nan ban taɓa ganin ko ƙashin ɓera ba. In akwai kabari a tona mu gani."

"Na fasa biyu," in ji Hambali, "ba zan fasa na uku ba."

Liman ya ce ba mai tona komai yana tsaye. Iro ya ce to shi ba zai bar gonarsa a kan maganar baki ba. Aka fara hayaniya, wasu na bayan Iro, wasu na cewa wa zai tona wa kansa asiri irin wannan a banza. Hambali ya ce a ba shi buta. Ya koma cikin burtali ya yi alwala a natse, ya dawo bakin kafar, ya ce wa Liman ya buɗe gafaka. Ya ɗora baƙin hannun nan nasa ya rantse a kan abin da ya faɗa, kalma bayan kalma. Iro ya sunkuyar da kai. Ya dubi wakensa, ya dubi ƙafafunsa, shi ma ya tuɓe takalmi.

Malam Garzali ya ce to yanzu ina zai kafa turaku, a tsohuwar hanya ko a sabuwa? Arɗo ya ce, "Shanuna ba za su taka mutane ina sane ba, ko da Haɓe ne. Ku bar hanya inda take." Ba wanda ya yi musu. Maigari ya yanke a wurin: turaku su bi shinge yadda yake, Iro ya rore wakensa na bana ya bar wa matattu filinsu, Hambali kuma ya yanka wa magadan Sabo daga tasa gonar daidai abin da burtali ya ci.

Duk wannan Saudatu na tsaye ta rufe baki da mayafi. Maigari ya tambaye ta ko ta gamsu.

Ta ce, "Gona zan karɓa, haƙƙin ƙannena ne. Amma da saura." Ta juya ga Hambali. "Baba, sunan da aka sa wa babana, a ƙofar Maigari aka sa masa shi, kana zaune. Ba a daji za ka cire shi ba."

Ya ce, "Ranar Juma'a."

Ya kuwa cika. Bayan an sauko daga masallaci ya tsaya a ƙofar Maigari gaban gari duka ya maimaita, har da waɗanda suka yi dariyar a wancan lokaci, yanzu sun yi furfura. Saudatu ta saurara har ƙarshe, ta hau moto ta koma Gazawa. Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Yau Hambali na nan da ransa. Gonarsa da ma ƙarama ce, abin da ya rage ba ya kai su bazara, sai 'yarsu ta aiko daga Agiye. Iro in ya hango shi sai ya sake hanya. In gardamar iyaka ta tashi ba a kiransa, har shingayen da ya dasa daidai yanzu akwai masu cewa a sake aunawa. Arɗo ne kaɗai ke biyowa da ƙwaryar nono ya zauna ya yi ta tsokanarsa.

Gari ya rabu biyu a kansa har gobe. Wasu na cewa dattijo ne, ya fanshi kansa tun yana numfashi. Wasu na cewa mutumin da ya bar Sabo ya mutu da sunan maƙaryaci, tsoron dafa Alƙur'ani ne kawai ya buɗe masa baki, da ba a kawo gafaka ba da har yau shiru. Ni na rasa inda zan tsaya, don na ga fuskarsa a gindin tsamiyar nan tun ba a kai ga rantsuwa ba. Kai da ka ji labarin daga farko, in ka haɗu da shi gobe a bakin rijiya, da wace irin gaisuwa za ka gaishe shi?